Rijiyar da na gina da bakina

Sanƙiranci gadona ne, wurin mahaifina na same shi. A garinmu, wani ƙauye da ke kusa da Dogarawa, babban mutum ba ya ɗaga murya a gaban jama'a. Mai gari, ko liman, ko baƙon da ya zo daga buro, wato ofishin gwamnati, zai yi maganarsa a hankali, sanƙira yana tsaye gefensa, ya ɗauki maganar ya jefa ta har bayan taro inda mata da tsofaffi ke zaune. Aikina ke nan tun ina saurayi, bayan noma. Kuma ba a maimaita magana yadda ta fito. In mai gari ya ce a fito aikin gayya gobe, sanƙira zai ce mai gari yana gaishe ku, ya ce ya san gajiyarku, ya ce wanda ya fito gobe ya fita kunyar garinsu. Kowa ya san haka ake yi, ba wanda ke kiran abin ƙarya. Ƙarin gishiri muke ce masa, kuma sanƙiran da ba ya ƙarawa ba a sake kiransa.

Ina da aboki Bafillace, makiyayi. Abotar ma gado ce, don mahaifinsa a gonar mahaifina yake sauka bayan an cire amfani. Shanu su ci kara su bar mana taki, mu kuma mu auna musu hatsi. Tare muka tashi. Yana kirana Kaɗo, ina kiransa ɗan daji. In ya shigo gari ranar kasuwa a zaurena yake ajiye sandarsa, ya ce in ba shi ruwa tunda mu mutanen gari ba mu iya ba baƙo nono ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma in ya tambaye ka abu yana kallon idonka har ka gama amsawa.

Akwai tsohuwar rijiya a bayan gari wadda makiyaya ke shayarwa da ita. A shekarar da nake magana bakinta ya fara zubewa, ruwanta ya ja ƙasa, sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓa. Tabki kuwa ba ya wuce ƙarshen sanyi. Yayyen abokina da ƙannensa suka yanke shawara za su kora shanu kudu, su tsallaka iyaka kamar yadda ake yi in shekara ta yi tsanani. Shi yana ta jan ƙafa. Tafiyar tana da wuya, ana samun rigima da manoma a hanya, ga shanunsa da yawa suna da ciki.

Ana cikin haka lokacin zaɓe ya zo. Wani ɗan takarar majalisa ya aiko cewa zai yi mitin a garinmu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya daɗe a birni, amma an ce kakarsa ta wajen uwa 'yar yankinmu ce. Suka iso da hantsi da motoci da lasifika. Da aka miƙa masa abin magana sai ya girgiza kai, ya ce shi ɗan gida ne, ya san al'ada, ba zai yi ihu a gaban iyayensa ba, a ba sanƙira. Nan take mutane suka fara sonsa, ni kuwa kaina ya kumbura. Ban taɓa riƙe abin magana ba sai ran nan. Na ji muryata tana dukan bangon masallaci tana dawowa.

Ya yi magana a hankali, ni da mutanen sahun gaba kaɗai ke jin sa. Sauran jama'a ni suke ji. Abin da ya zauna a kaina shekara da shekaru shi ne, mutumin nan ya yi alkawarin sabuwar rijiya ta siminti, ta dabbobi, kafin bazara. Na tuna guɗar mata. Na tuna makiyaya can baya sun ɗaga sandunansu sama.

Da taro ya watse, bayan la'asar, abokina ya same ni ƙofar gida ina shan ruwa, muryata ta dishe. Bai zauna ba.

Ya ce, “Kaɗo, kai ka tsaye kusa da shi. Ni daga baya ban ji komi ba sai kai. Zancen rijiyag ga, shi yac ce, ko gishirinku na?”

Na ce, “Shi yac ce.”

Ya ce, “Kahin bazara?”

Na ce, “Wallahi da kunnena naj ji. Kahin bazara.”

Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce to. Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Bayan kwana kaɗan 'yan uwansa suka tashi, shi ya zauna da garkensa da wasu shanun gidansu da aka bar masa, waɗanda ba su da ƙarfin doguwar tafiya.

Ina so a fahimce ni a nan. Lokacin da na rantse ban san ina faɗin abin da ba haka ba. Na yarda da abin da na faɗa. Maganar tana cikin kunnena da ɗuminta, kuma ban tsaya na tambayi kaina daga bakin wa ta fito ba.

Aka yi zaɓe, mutumin ya ci. Sanyi ya wuce, tabki ya ƙafe, ba wanda ya zo ko auna wurin rijiya. Bazarar ta yi tsawo. Tsohuwar rijiya ta rufta ta gefe ɗaya, ana kwana biyu kafin layi ya zo kan mutum. Lokacin tafiya kudu ya riga ya wuce, shanun ba za su iya ba. Na riƙa ganin abokina yana ɗaga saniya da sanda biyu a ƙarƙashin cikinta, shi da matarsa, don ta miƙe. Bafillace ba ya faɗin yawan shanunsa, ba ya faɗin yawan waɗanda suka mutu, ni ma ban tambaya ba. Amma na san har da wata ja mai farin goshi, jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa. Da damina ta sauka ya kwashe abin da ya rage ya koma wajen Tajaye, kusa da dangin matarsa. Bai daina zuwa gonata bayan kaka ba, sai dai garken ba ya cika rabin gonar.

Shekaru muka yi muna zagin ɗan majalisar nan tare. In muka haɗu a kasuwa shi zai ce, “Kaɗo, an gama gina rijiyarku?” ni in ce, “Saura murhi, ɗan daji.” Mu yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sannan in ɗora da Allah ya isa ga maƙaryaci. Nakan fi shi zafi ma.

Gemuna ya fara fari lokacin da aka buɗe karatun manya a garinmu. Wani tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, da ya yi ritaya ya zauna a Dogarawa shi ke zuwa kan babur sau uku a mako. Mutumin gabas ne, aiki ya kawo shi yankinmu tun yana saurayi. Muna shiga aji tsakanin azahar da la'asar, ranakun da yara ba su nan, mu zauna kan bencinsu, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Mun fara da yawa, muka ragu. Ni dai ban yi gaggawa ba. Na yi wata biyu kafin hannuna ya daina matse alƙalami kamar ƙotar fartanya. Wanda ya saba jiran gero ya nuna ba ya jin haushin baƙaƙe don sun ƙi zama a kansa rana ɗaya. A shekara ta biyu na fara rubuta abin da aka faɗa mini, a hankali, ina motsa leɓe.

Littattafai sun yi mana kaɗan, mun karanta su har mun haddace. Sai darakta ya ce kowa ya kawo magana daga wayarsa, a kunna, mu rubuta abin da muka ji. Wani ya kawo wa'azi, wani ya kawo sanarwar rigakafin dabbobi daga rediyo. A cikinmu akwai wani tela, sa'ana, mai yawan barkwanci, wanda ba ya goge komai daga katin wayarsa. Rannan ya shigo yana murmushi ya ce, “Malam, yau na kawo muku babban baƙo. Ga sanƙiranmu ranar da anka ba shi lasihika, yana ruri kamar bajimi.” Ashe ranar mitin ɗin yana sahun gaba, ya ɗauki komai.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na gyara zama.

Darakta ya saurari farkon, ya tsayar. Ya ce, “Murya biyu ce a nan. Kowa ya ja layi a tsakiyar takardarsa daga sama har ƙasa. Abin da baƙo ya faɗa a dama, abin da sanƙira ya faɗa a hagu. Kada ku haɗa.” Don koyon tsara takarda ya faɗi haka, ba don wani abu ba. Bai san labarin rijiya ba.

Mun yi mako uku a kan jawabin nan, don sai a kunna kalma biyar a tsayar, a jira mai jinkiri ya gama, kuma sau da yawa ni ne mai jinkirin. Muryar baƙon ƙasa-ƙasa take, sai mun matso da kunne. A nan na fara ganin abin da ban taɓa gani ba duk shekarun da na yi ina ɗaukar maganar mutane. Magana in tana tafiya a iska ba ka ganin yadda aka ɗinka ta. In ta kwanta a takarda sai ta tsaya ka dube ta.

Shafi na farko duk gaisuwa ne. Ya gai da mai gari, da liman, da manoma, da makiyaya, da mata masu daka, da matasan da suka tafi cin rani da iyayen da suka bari. Darakta ya ce, “Ku duba, akwai wanda bai ji an kira shi ba?” Babu. Ya ce wanda aka gaishe shi a gaban jama'a ya riga ya ba da rabin kunnensa. Daga nan ya shiga zancen kakarsa, da furar da ta taɓa dama masa da ruwan yankin nan. Bai ce ku zaɓe ni don ni naku ne ba, labarin fura kawai ya ba da, mu muka ƙarasa sauran a zuciyarmu. Sai tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ko yaro ya san amsarsu. Kuna da asibiti? Babu. Hanyarku ta gyaru? A'a. Wa ya tuna da ku? Ba kowa. Darakta ya sa muka ƙirga, sau bakwai jama'a suka amsa da baki ɗaya. Ya ce, “Mutumin da ya amsa maka sau bakwai, na takwas ba sai ka tambaye shi ba.” Tela ya ce, “Haka matata ka yi min in tana son zane.” Aka yi dariya.

Mun ga kuma yadda yake faɗin abu sau uku, na ukun ya fi tsawo. Mun ga yana cewa an manta da ku, an yi muku alkawari an saɓa, amma ko sau ɗaya bai ce wane ne ya yi ba, sai kowa ya sa sunan wanda yake jin haushi. Ni abin yana burge ni. Ina cewa a raina, ashe wannan ma sana'a ce kamar tawa, da ƙa'idojinta. Gefen hagu na takardata kuwa kullum ya fi na dama cika, har yana zubowa bayan shafi. Tela ya ce, “Baƙo ya kawo mudu, sanƙira ya kai buhu.” Na yi dariya tare da su. Ai aikin ke nan.

A mako na uku muka zo kan rijiya.

Na rubuta a dama: Na je na ga rijiyarku. Na leƙa cikinta. Na ga igiya biyu da aka ƙulla. Aka tsayar, na rubuta. Aka kunna. Ya ce: Wanda ya ga wannan bai ji zafi ba, ba mutum ba ne. Na rubuta. Daga nan shiru a wayar, ba dogo ba, kamar jan numfashi biyu. Sai muryata ta fashe: Ya ce ya ga rijiyarku da idonsa! Ya ce wahalar ga ta ƙare! Ya ce sabuwar rijiya ta siminti, kahin bazara shanunku za su sha! Sai guɗa ta rufe komai.

Na ɗaga hannu kamar yaron lakwal na ce, “Malam, an tsallake wani wuri. A mayar baya.” Aka mayar. Na sa kunnena a jikin wayar. Igiya biyu, ba mutum ba ne, shiru, sai ni. Na ce a sake. Tela ya ce, “Kai, batir za ya ƙare.” Amma da ya dubi fuskata sai ya mayar. Muka bi jawabin har ƙarshensa a ranar, ba rubutu, saurare kawai. Bayan guɗar mutumin ya ce, kun ji da kunnenku, ya wuce zuwa zancen takin zamani. Bai sake ambaton rijiya ba.

Na dubi takardata. A dama layi huɗu, ba siminti, ba bazara, ba alkawari. Duk suna hagu, da rubutun hannuna, a ƙarƙashin inda na rubuta sanƙira.

Aka tashi, ni ban tashi ba. Darakta yana ɗaure littattafai a bayan babur ya ga ina zaune, ya dawo, tela ma ya dawo. Na ba su labarin abokina, da tambayarsa, da rantsuwata.

Tela ya ce, “Wanga ba laihinka ba na. Ni ina gaba, na gani. Da kac ce kahin bazara, ɗaga hannu yay yi yana gyaɗa kai. In ba nashi ba na, mi ya hana shi ce a'a? Ɓarawo na, ya sa hannunka cikin aljihun mutane.”

Darakta ya zauna kan benci kusa da ni. Sannan ya ce, “Shirun nan da ka ji, da gangan ya bar shi. Ya kai maganar bakin rami ya tsaya, ya san akwai wanda aikinsa ya ƙarasa. Shi ya sa ya ba ka abin magana. In rijiya ta samu, tasa ce. In ba ta samu ba, bai faɗa ba.” Ya ce wannan dabara tsohuwa ce, ya sha ganin ta a garuruwan da ya yi aiki.

Na ce, “To rantsuwar fa, malam?”

Ya ce, “Wannan ban da abin da zan ce maka a kai.”

Tela ya ce, “Ka bar shi. Shanu sun mutu, ba su tasowa. Abokin naka yana sonka. Mi za ka samu in ka tone?”

Na ninke takardar na sa a aljihu. Ta yi kusan wata biyu a nan. Ina zuwa gona da ita, ina zuwa masallaci da ita. A cikin kwanakin aka kira ni ɗaurin aure, na tsaya gefen waliyyi, ya yi magana ya yi shiru yana jirana, na ji bakina ya buɗe zai cika wurin kamar kullum, sai na maimaita abin da ya faɗa kawai. Mutane suka dube ni, wani ya tambaya ko ba ni da lafiya. Na yi ta juya maganar tela. Gaskiya ce ya faɗa, mutumin can ya yi amfani da ni. Amma abokina bai tambayi mutumin can ba. Ya san gishirin sanƙira tun muna yara, shi ya sa ya tako har ƙofar gidana don ya raba gishirin da miyar, ni kuma na sa sunan Allah na hana shi rabawa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne Allah ya isan da nake ja a gabansa duk ranar kasuwa.

Wata safiya na hau motar kasuwa zuwa Tajaye, daga nan na taka zuwa rugarsu. Na same shi ya gama tatsa, yana kwance maruƙa. Ya ce, “Kaɗo a daji? Hatsi ya ƙare a gari?” Matarsa ta kawo nono a ƙwarya. Na sha kaɗan don kada in ƙi, na ajiye. Na ce na zo da magana. Na fito da takardar, na gaya masa yadda aka yi ta, da abin da layin tsakiya yake nufi. Na karanta masa dama, na karanta masa hagu. Karatuna ba sauri, ina tsayawa a wasu kalmomi, bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, “Sake karanta nashi.”

Na sake.

Ya ce, “Shi ke nan?”

Na ce shi ke nan.

Ya juya yana kallon shanun. Na ji kukan ɗan maraƙi, na ji matarsa tana kankare ƙwarya a bayan bukka. Na ce, “Ban sani ba sa'ad da nar rantse. Amma ni naf faɗa, ba shi ba. Ka yahe min.”

Ya ce, “Ka san abin da yayana ka kirana da shi tun shekarar nan? Wanda yab bi ɗan siyasa. Gaban ɗiyana shi ka faɗi. Cikin shanun da sunka mutu akwai na gwaggonmu, akwai nashi guda. In anka zauna shawara, in na buɗe baki, sai ya ce a tambayi mai rijiya.” Muryarsa ba ta tashi ba. “Ni ban taɓa yarda da ɗan siyasa ba, Kaɗo. Da kai niy yarda. Ban gaya musu ba don kar su ce abokina maƙaryaci na.”

Duk shekarun nan yana ɗauke da sunan wawa a gidansu don ya rufa mini asiri, a kan abin da shi kansa yake zaton gaskiya na faɗa.

Ya ce, “Ƙarin da kay yi a taro, sana'arku ta, ban riƙe ka ba. Rantsuwa kuwa tsakaninka da Mai ita. Abin da ni ka so guda na. Jibi kasuwa, yayana za ya zo. Ka karanta mishi takardag ga kamar yadda kak karanta min.”

Na ce zan zo.

Na kwana biyu a Tajaye wurin wani ɗan uwan matata. Ranar kasuwa na tafi wajen da ake tsayar da dabbobi. Yayan abokina dattijo ne dogo, ya girme mu sosai, yana zaune kan tabarma ƙarƙashin bagaruwa da wasu manyansu huɗu. Abokina yana tsaye gefe, ya rataya hannuwa a sandarsa. Na durƙusa na gaishe su. Dattijon ya san ni, ya ce, “Sanƙira, yau wa za ka yi wa shela?” Na ce, “Baffa, yau maganar tawa ce.”

Ban taɓa magana a gaban mutane ba tare da maganar wani a bakina ba. Muryar da ke kaiwa bayan taro ta ƙi fitowa, har ɗaya daga cikinsu ya ce in ɗaga. Na karanta dama, na karanta hagu. Sannan na ajiye takardar na faɗi sauran da ba a rubuce yake ba: cewa ƙanensa ya zo ya tambaye ni, ya tambaya sau biyu, bai fasa tafiya kudu ba sai da na rantse masa da Allah. Na ce duk wanda aka yi wa irin wannan rantsuwa daga bakin wanda suka tashi tare, zai zauna.

Dattijon ya dubi takardar a ƙasa, ko da yake ba ya karatu. Ya dubi ƙanensa. Ya yi masa wata magana da Fillanci, gajeruwa, ban ji ta ba. Abokina ya amsa da kalma ɗaya, kansa a ƙasa. Sai dattijon ya matsa gefe kan tabarmar, ya bugi wurin da tafin hannu, abokina ya zo ya zauna a cikinsu. Ni ba a ce in zauna ba. Dattijon ya ce mini, “Mun ji. Allah shi kyauta.” Suka koma zancen wani bijimi da ake ciniki.

Na tsaya kaɗan, na ɗauki takardata na yi sallama. Na kusa isa tasha na ji taku a bayana. Abokina ne. Bai kira ni Kaɗo ba, sunana ya kira, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Ya raka ni har bakin mota. Da na shiga na zauna ya sa hannu a jikin taga ya ce in gai da gida. Na tambaye shi ko zan gan shi ranar kasuwarmu. Ya ce bai sani ba tukuna, sai ya ga yadda zuciyarsa ta yi. Motar ta cika, direba ya tayar, shi kuma ya juya ya koma wurin 'yan uwansa.